Ban Taɓa Shan Kaye Ba, Lissafi Ne Ba A Yi Ba

Akwai mutanen da in an kayar da su sai su tashi su kakkaɓe riga, su ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Akwai masu kumbura, su yi kwanaki ba su amsa sallamar kowa da daɗi ba. Ni ba na cikin ko ɗaya. Ni in an kayar da ni, takarda nake nema. Ba na musun cewa wane ya riga ni isa, ai ido ya gani. Abin da nake musu shi ne a ce rigayen nan nasara ce. Kafin wanda ya ci ya gama mayar da numfashi, na riga na ja layuka, na ninka, na raba, na fito da sakamako na biyu wanda a cikinsa ni ne a gaba. In ranar ta ɓaci ƙwarai, sai in yi kawaici in zo na biyu, da bambancin da bai taka kara ya karya ba. Malamin lissafi ne ni a Talata Mafara, kuma ta nan na zaɓa in ci amanar ilimin da Allah ya ba ni.

Ciwon ba na yau ba ne. Tun muna yara, in za a yi tsere daga gindin tsamiya zuwa bakin rijiya, ni ne mai cewa a ba ni rata saboda na fi kowa gajarta. In an ba ni aka kuma wuce ni, ratar ce ba ta isa ba. Da na girma na shiga dara, kullum ni rana take duka a ido, ko kuwa an yi mini surutu a ka daidai lokacin da zan ci. Amma duk wannan borin kunya ne, ni ma na sani, ba shi da uwa ba shi da uba. Bai samu gata ba sai da ƙanen matata ya dawo daga Legas.

Legas ta daɗe da masu wasan ruwa, kulob ɗinta mafi suna, Lagos Yacht Club, tun 1932 yake. A wani irinsa yaron ya yi aikin wanke jirage. Muna zaune bayan isha'i yana ba mu labarin wasu ƙananan jirage marasa inji, na mutum ɗaya ko biyu, waɗanda ake kafa wa doguwar sanda a ɗaura mata yadi, iska ta riƙa kora su. Yara na ta mamaki, ni ina hamma, sai na ji ya ce: "Kuma Yaya, abin dariyar, wanda yar riga isa ba lalle shi ka ɗaukar kohi ba. Sai an zamna an yi lissahi."

Na ce ya sake faɗa, a hankali.

Daga baya na bi diddigin abin. Ƙaramin kulob ba ya samun jirage iri ɗaya da za su isa tsere. Wani na da dogo mai faffaɗan yadi, wani na da ɗan guntu na koyon yara, wani na da tsohon katakon da ya gada. In aka sake su tare, tun kafin a busa usur an san mai ci, sauran kuma sai su daina zuwa. A 1947 wani Bature mai suna Stanley Milledge, na kulob ɗin Langstone kusa da Portsmouth a kudancin Ingila, ya ɗauki wani samfurin jirgi ya ba shi lamba 100, ya riƙa auna sauran da shi: mai sauri ya samu ƙaramar lamba, mai jan jiki ya samu babba. A 1960 ya miƙa aikin ga hukumar wasan jiragen ruwa ta Birtaniya, RYA, wadda har yau ita ke fitar da lambobin da sunan Portsmouth, sai dai ma'aunin ya koma 1000. Lissafin kuwa ɗan firamare zai iya shi: a ɗauki lokacin da jirgi ya ci a kan ruwa, a ninka da 1000, a raba da lambarsa. Laser, wanda ake tsere da shi har a gasar Olamfik, lambarsa wajen 1100 ce. Optimist, ɗan akwatin da yara ke koyo a ciki, tasa ta haura 1600. Akwai wani mai suna Moth da ke ɗagawa sama da ruwa a kan wasu siraran ƙafafu, tasa ba ta kai 600 ba. To a ce mai Laser ya gama a minti 55. In an raba, ya zama 50. Yaro mai Optimist, mu ce lambarsa 1600 cif, ya lallaɓo a minti 76, wancan har ya yi wanka ya sauya kaya. Nasa ya zama 47 da rabi. Yaron ya ci.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ashe akwai ƙasa guda, da hukuma, da kwamiti, da takardu, duk don wanda ya zo na ƙarshe ya koma gida da kofi. Da na natsu sai na tuna muna da irinsa a gida. 'Yan polo na Katsina da Kano da Kaduna kowa da lambarsa, daga 2 ƙasa da sifili har zuwa 10. A haɗa ta 'yan wasa huɗu, ƙungiyar da jimlarta ta gaza a rubuta mata ƙwallaye tun kafin a hau doki. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai 7. Sai dai can lambar martaba ce, kowa so yake tasa ta hau ko da za ta jawo masa bashin ƙwallaye. Irin wadda nake so ita ce mai cewa: wannan bawan Allah, a tausaya masa. Kuma ba ni da doki. Ruwa kuwa ga shi a bayan gari.

Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka gama a 1978, ta tara tafki mai faɗin hekta wajen 8,000. An yi ta don noman rani a filayen Mafara da Bakura. Ta tashi dubban mutane a ƙasar Maradun, kuma an zubar da jinin manoman da suka tsaya neman diyya a Afrilun 1980. Dattawanmu ba sa wannan zance da dariya, ni ma ba zan yi ba. Amma tafkin ya tara masunta, cikinsu har da dangin matata, kuma jiragensu babu biyu da suka yi kama. Akwai siririn kwale-kwale da aka sassaƙa daga icce guda. Akwai na katako da aka haɗa da ƙusa aka liƙe da kwalta da tsumma, mai faɗi, mai ɗaukar buhuna da awaki ranar kasuwa. Akwai mai inji, wanda ba a sa shi cikin zance. Bayan la'asar, in an shanya koma, samari kan yi tsere daga mashaya zuwa wani busasshen icce da ya leƙo daga ruwa, a zagayo shi a dawo. Kusa da gari ake yi, tunda yanzu ba mai yin nisa balle ya yi dare. Abin ci goro ne, ko ƙullin soyayyar karfasa, ko ba komai sai baki.

Ni ba jinin Sarkawa ba ne, da girma na koyi tuƙi, kuma jirgin da suka yarda su ara mini shi ne mai faɗin nan, don sun ce shi ne ba zan iya kifarwa ba. Na zo da littafina da agogon waya. Na ba sirarrun 800, na ba nawa 1200, ina ganin na yi musu karamci. Aka yi tsere, na zo na ƙarshe, na lissafa, ban kai ba. Sai na lura jirgina yana yoyo: bayan 'yan tuƙe-tuƙe dole in ajiye filafili in ɗauki yankakkiyar jarka in kwarfe ruwan da ya taru a ƙafafuna. Wannan ɗari ne. Iskar hunturu ta fi kama gefen jirgi mai faɗi; ɗari da hamsin. Bakin filafilina ya tsage. Haka lambar ta yi ta hawa mako-mako kamar farashin taki, har ta kai 1900. Ranar na fito na tsaya cikin ruwa iya gwiwa, wando a naɗe, tafukan hannu sun yi bororo, na buɗe littafin da ya jiƙe tawada ta fara narkewa, na karanta wa jama'a cewa ni na ci, da tazarar daƙiƙa goma sha ɗaya.

Surukina ya tashi ya tafi duba wata komar da ba ta buƙatar dubawa. Wani dattijo abokinsa, yana ɗinkin taru, ko kai bai ɗaga ba ya ce: "Malam, mu nan wanda yar riga taɓa gaci shi yac ci. In kana da wata nasara cikin littahi, kai ta gida a dahwa maka."

Abin da ban gaya wa dattijon ba shi ne, a Ingila mai jirgi ba ya yanka wa kansa lamba. Kulob-kulob ne ke aika sakamakon tserensu, a tara na wurare da yawa, a ga yadda kowane samfuri ya yi a hannun gwanaye da 'yan koyo, sannan a ɗan matsa lambar sama ko ƙasa duk shekara. Ba a tambayar mai jirgi ko bayansa na ciwo. Duk da haka ƙorafi ba ya ƙarewa, kuma na karanta shi ina gyaɗa kai, don muryar dangi na ji. Lamba ɗaya ce, iska kuwa ba ɗaya ba: jirgin da ke sulɓi bisa ruwa in iska ta yi ƙarfi, ranar da ta kwanta sai ya maƙale, wanda ake rainawa ya wuce shi. Abin da ya yi daidai a buɗaɗɗen teku ba ya yin daidai a ƙaramin gulbi mai kwana-kwana da itatuwa a gaɓa. Amurkawa, da suka ɗauki tsarin, sai da suka ba jirgi lambobi daban-daban gwargwadon ƙarfin iskar ranar. In gwanaye suka yi wa wani samfuri rubdugu, sakamakonsa ya yi kyau, lambarsa ta ragu, sai ɗan koyon da ke da irinsa ya biya bashin gwanintar da ba tasa ba. Sabon jirgi fil da tsohon da ya sha ruwa ya yi nauyi, in samfurinsu ɗaya, yawanci lambarsu ɗaya. Akwai kuma mutanena na haƙiƙa, waɗanda ba sa sayen jirgin da suke so, sai wanda suka lura lambarsa ta yi masa yawa. Waɗannan da za mu haɗu, ba sai an gabatar da mu ba.

Sai dai duk ƙorafin nan a kan jirgi yake. Aikin lambar shi ne ta cire jirgi daga zance, tsawonsa da nauyinsa da faɗin yadinsa, ta bar matuƙi shi kaɗai da sakamakonsa. Nan muka raba gari da Milledge. Ni so nake a cire jirgi, a cire iska, a cire shekaruna da tumbina da ƙurar allin da na shaƙa, a yi ta cirewa har sai babu wanda ya rage da za a ce an kayar. Wasu kulob ɗin suna ba mutum lambar kansa ban da ta jirgi, don 'yan koyo su ma su ɗanɗana. Na yi murna da jin haka, har na ji sharaɗin: da zarar ka fara ci, sai a rage maka. Ban ga amfanin rangwamen da ke guduwa ranar da ya fara aiki ba.

Da son adalci ne ke damuna, da da sauƙi. Ku zo ku gan ni ranar da nake sama. In na zauna dara da ɗana, wanda ko firamare bai gama ba, ya ce Baba a rage maka 'ya'ya biyu, nan take sai in zama mai kishin al'ada. In tuna masa cewa a dambenmu na gargajiya ba a awon nauyi, ɗan siriri ya shiga da ƙato, wanda ya kai ƙasa an kashe shi ke nan. In kawo masa sunan Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. In ce a Argungu, can ƙasa a kan wannan gulbin namu, a bikin da aka faro tun 1934, ana tseren kwale-kwale a Matan Fada ba mai zuwa da na'urar lissafi. In cinye yaron tas, in ce haka ake zama namiji.

Akwai wanda ba na son tunawa. Bayan sace ɗaliban makarantar Kaya ta Maradun a Satumban 2021, an rufe makarantun jihar na watanni. Da aka dawo, wata yarinya a ajina, wadda iyayenta suka baro ƙauyensu suka raɓa a Mafara, ta gaza makin wucewa da ɗan kaɗan. Ta ce, "Malam, a duba mani, na daɗe ban shiga aji ba." Na ce mata jarrabawa ba ta san uzuri ba, abin da ka rubuta shi ne naka. A makon da na faɗa mata haka na ƙara wa jirgina hamsin saboda ciwon kafaɗa.

Masuntan ne suka yi maganina, kuma da hannuna na miƙa musu sandar. Na ba su labarin wani tsere da ake ce wa Bloody Mary, wanda ake yi a watan Janairu a tafkin Queen Mary kusa da Landan, shi ma ruwan ajiya ne da mutum ya gina. Can ba a jira sai an gama a zauna lissafi. Tun farko ake biyan kowa haƙƙinsa: mai jan jiki ya fara tashi, na biye da shi bayan wasu mintuna, mafi sauri a ƙarshe, wanda ke gaba lokacin da wa'adi ya cika shi ya ci. Karon nan dattijon ya ɗaga kai. Ya ce, "A'a, wanga ai rata ta. Wanga mun san shi. Nawa littahinka yac ce a ba ka?"

Littafin ya ce a ba ni fiye da rabin hanya, suka kuma ba ni ba gardama, abin da ya kamata ya ba ni tsoro. Na tashi ni kaɗai. Na zagayo busasshen iccen da ƙyar, gefen jirgi na gurzarsa, na juyo gida, sannan na hango an sake su. Muka yi kiciɓis a tsakiya, ni ina dawowa su suna tafiya, kowa na ce mini sannu Malam, ya aiki, ya ɗalibai. Daga nan suka koma bayana, na daina ganinsu, sai ji. Sautin filafilinsu ɗaya-ɗaya ne, ba gaggawa, nawa kuwa facal-facal. Duk waiwayen da na yi sai hancin jirgi ya karkace, in ɓata tuƙi biyu wajen miƙar da shi. Ruwa ya taru ya rufe mini idon sawu, ban yarda na taɓa jarka ba. Ƙanen matata ne ya fara wuce ni, a tsaye, yana gyara hula. Sauran suka biyo. Na ƙarshensu wani ɗan yaro ne da ke ajin da na taɓa koyarwa, ya rage tafiya daidai gefena ya ce, da ladabinsa, "Malam, in jawo ka?" Da na taɓa gaci hannuna ya tafi aljihu da kansa, amma babu abin lissafawa. Ratar tun a gaba na karɓe ta na cinye.

Na ce jirgin ne, lambarsa ta fi ƙarfin 1900. Ƙanen matata, wanda al'ada ta ba shi lasisin yi mini wasa, ya ce, "To Yaya, mu yi musanya." Na shiga siririn na durƙusa, gwiwoyina na gugar gefe da gefe. Ban yi nisan da za a kira tafiya ba ya mirgine da ni, a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Ina tsaye ina tsiyaya na ga ƙanen matata ya ɗauki mai faɗin nan nawa, da yoyonsa da tsagaggen filafilinsa, ya dawo cikin na gaba-gaba. Na bayyana wa jama'a cewa ya fi ni rashin nauyi, don haka jirgin da ya tuƙa ba shi ne na tuƙa ba. Ba wanda ya amsa, hankalinsu na kan kamo hulata.

Labarin ya riga ni isa gida. Matata ba ta ce uffan ba. Bayan 'yan kwanaki ta ajiye mini tuwo, da wata takarda a ƙarƙashin kwanon miya. Ta ɗauki kuɗin cefanen da nake bayarwa, ta ninka da 1000, ta raba da farashin tiyar shinkafa a kasuwar Talata, ta yi na bana ta yi na shekarar aurenmu. Layukan a miƙe, na duba na sake dubawa, babu kuskure ko ɗaya. Angon wancan lokaci ya ba ni tazarar da ko ƙurarsa ba na hangowa. Ta ce, "Malam, ga lambarka."

Na ce mata tsarin nan na jiragen ruwa ne, Bature bai yi shi don tukunya ba.